Fafutukar 'Yan Poland Mazauna Amurka Kan Cire Biza: Tambayoyi da Amsoshi

Ranar 11 ga Nuwamba, 2019, 'yan ƙasar Poland suka fara shiga Amurka ba tare da biza ba. Ranar ta dace da bikin samun 'yancin ƙasarsu. Kafin a kai ga haka, 'yan uwansu da ke zaune a Amurka sun shafe shekaru da dama suna kai gwauro suna kai mari tsakanin ofisoshin 'yan majalisa da fadar shugaban ƙasa. Ga amsoshin tambayoyin da mai son fahimtar wannan gwagwarmaya zai so ya yi.

Wane shiri ne wannan na shiga Amurka ba biza?

Doka ce da majalisar dokokin Amurka ta kafa a 1986, aka fara aiki da ita a 1988 da Birtaniya da Japan, sannan aka mayar da ita ta dindindin a shekarar 2000. Ɗan ƙasar da ke cikin shirin yana iya zuwa Amurka yawon buɗe ido, ko ziyarar dangi, ko harkar kasuwanci, ya zauna har kwana 90, ba sai ya je ofishin jakadanci an yi masa tambayoyi ba. Tun daga Janairun 2009, abin da ake buƙata shi ne ya cike takardar neman izini ta intanet da ake kira ESTA kafin ya hau jirgi. Idan an amince, izinin yakan yi shekara biyu yana aiki. Lokacin da Poland ta shiga, kuɗin cike takardar dala 14 ne, alhali kuɗin neman biza dala 160, ko an ba ka ko an hana ka.

Su wane ne 'yan Poland na Amurka, kuma yaya yawansu yake?

Amurkawan da ke danganta asalinsu da Poland sun kai kimanin miliyan 9. Kakannin mafi yawansu sun zo ne tsakanin ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, lokacin da babu ma ƙasar Poland a taswira, domin Rasha da Jamus da Ostiriya sun raba ta a tsakaninsu. Sun yi aiki a mayankar dabbobi ta Chicago, da masana'antun motoci na Detroit, da na ƙarafa a Buffalo da Pittsburgh, da ramukan kwal na Pennsylvania. Wasu sun biyo baya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wasu kuma a shekarun 1980 lokacin da gwamnatin kwaminisanci ta murƙushe ƙungiyar ƙwadago ta Solidarity.

Suna kiran al'ummarsu Polonia. Chicago ce cibiyarta, sai unguwar Greenpoint a New York, da Hamtramck kusa da Detroit, da Milwaukee. Mutane ne masu son kafa ƙungiya. Polish National Alliance ta kafu tun 1880, Polish American Congress kuma, wadda ta zama uwar ƙungiyoyinsu ta fuskar siyasa, an kafa ta a Buffalo a 1944. Suna da jaridu a harshensu, irin su Dziennik Związkowy ta Chicago da Nowy Dziennik ta New York, ga gidajen rediyo da coci-coci da makarantun ranar Asabar inda yara ke koyon harshen iyayensu.

Su da suke zaune a Amurka, me ya dame su da bizar wasu?

Wasun nan ai iyayensu ne da 'yan uwansu. A nan ne batun ya daina zama na diflomasiyya ya shigo cikin gida.

Ɗauki tsohuwa mazauniyar wani ƙauye a yankin duwatsun Podhale, kudancin Poland, inda iyalai da yawa ke da dangi a Chicago. Jikarta za ta yi aure, an aiko mata da takardar gayyata da kuɗin jirgi. Sai ta cike takardu, ta biya kuɗin biza, ta yi sammako ta hau mota zuwa Krakow, ta bi layi a titin Stolarska inda ƙaramin ofishin jakadancin Amurka yake. Idan layi ya zo kanta, ta tsaya gaban gilashi, jami'i ya yi mata 'yan tambayoyi: wa za ki gani, me yake yi a can, kina da gida, nawa ne fanshonki? Cikin 'yan mintuna an gama. Idan bai gamsu ba, ya turo mata fasfonta da wata takarda mai ambaton sashe na 214(b) na dokar shige da fice. Ba ɗaukaka ƙara, ba mayar da kuɗi. A can Chicago kuwa a ɗaura aure kujerarta ba kowa.

Haka abin ya riƙa faruwa da bikin suna, da bikin kammala karatu, da jinya, da jana'iza. Wanda ya taɓa jiran mahaifiyarsa ta zo ta ga jariri aka ce an hana ta, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan dalilin da ya sa mutanen nan suka ƙi yin shiru. Ɗan ƙasar Amurka ne, yana biyan haraji, wataƙila ɗansa ma yana aikin soja, amma maƙwabcinsa ɗan asalin Jamus ko Italiya yana kiran danginsa su zo duk ranar da suka ga dama, shi kuwa sai ya roƙa.

Ban da zumunci, wace hujja suka riƙa kafawa?

Ta farko ita ce ramuwar mutunci. Poland ta cire wa Amurkawa biza tun 1991, jim kaɗan bayan faɗuwar kwaminisanci, ba tare da ta gindaya sharaɗin sai an yi mata haka ba. Shekara 28 Ba'amurke na sauka Warsaw da fasfonsa kawai, ɗan Poland kuwa yana bin layi.

Ta biyu, wadda ta fi ɗaci a bakinsu, ita ce ta ƙawancen soja. Poland ta shiga ƙungiyar tsaro ta NATO a 1999. A 2003, lokacin da Faransa da Jamus suka ƙi goyon bayan yaƙin Iraki, Poland ta tura sojoji kusan 2,500, har aka ba ta jagorancin rundunar ƙasashe a yankin tsakiya da kudancin ƙasar. A Afghanistan ta riƙe lardin Ghazni, ta kuma yi asarar sojoji fiye da 40. Masu fafutukar suka riƙa tambaya: yaya za a ce sojan da ya yi faɗa kafaɗa da kafaɗa da na Amurka ba zai iya zuwa gaishe da abokin aikinsa ba sai ya tabbatar wa jami'in biza cewa ba guduwa zai yi ba? Faransawa da Jamusawa kuwa ƙofa a buɗe take gare su. Wannan hujja tana da nauyi, kuma a ganina ba a taɓa ba ta amsa mai gamsarwa ba. Abin da aka riƙa cewa kawai shi ne doka ba ta san ƙawance ba, lissafi ta sani.

Sukan kuma tuna wa Amurkawa tarihi: Tadeusz Kościuszko da Kazimierz Pułaski, hafsoshin Poland da suka yi yaƙin neman 'yancin Amurka, na biyun ma ya rasa ransa sakamakon raunin da ya samu a fafatawar Savannah a 1779. Daga baya suka ƙara hujjar kuɗi, cewa baƙi masu zuwa yawo suna kashe dala a otal da shaguna, kuma wannan ya jawo musu goyon bayan 'yan kasuwar harkar tafiye-tafiye.

To mene ne ainihin abin da ya hana Poland shiga?

Lamba guda ɗaya. Doka ta ce ƙasa ba za ta shiga shirin ba sai adadin 'yan ƙasarta da aka hana bizar ziyara ya yi ƙasa da kashi 3 cikin 100 na masu nema a shekarar kuɗi, wadda ke farawa 1 ga Oktoba ta ƙare 30 ga Satumba. Akwai wasu sharuɗɗan, kamar fasfo mai ɗauke da bayanan lantarki, da musayar bayanan masu laifi da 'yan ta'adda, da kai rahoton fasfon da ya ɓace, da karɓar 'yan ƙasa idan an koro su. Waɗannan duk gwamnati na iya cika su da sa hannu da kashe kuɗi. Na kashi 3 ɗin kuwa ba a hannun gwamnatin Poland yake ba.

A tsakiyar shekarun 2000, ana hana kusan mutum ɗaya cikin kowane huɗu da suka nema. Tazarar da ke tsakanin wannan da kashi 3 ba ƙarama ba ce.

Me ya sa suka ce wannan ma'auni bai yi adalci ba?

Saboda ba ya auna abin da mutane suka aikata, yana auna zaton da jami'i ya yi musu ne. Dokar Amurka ta ɗauki duk mai neman bizar ziyara a matsayin mai niyyar zama dindindin, har sai ya tabbatar da akasin haka. Jami'i yana duba shekarunka, da aikinka, da ko kana da aure, da ko kana da dangi a Amurka, sai ya yanke hukunci. Wanda aka hana bai karya wata doka ba, bai ma taka ƙasar ba. Duk da haka hana shi da aka yi sai ya shiga lissafin da za a hukunta ƙasarsa da shi.

Akwai kuma wani abin takaici ga Polonia musamman. Samun dangi na kusa a Amurka yana daga abubuwan da ke sa jami'i ya yi zargin mutum ba zai dawo ba. Ke nan girman al'ummar da ke fafutukar shi kansa yana daga abin da ke ɗaga lambar da suke son ta sauka.

Shi ya sa babbar buƙatarsu a majalisa ita ce a canza ma'aunin: a duba yawan waɗanda suka shiga suka wuce wa'adinsu, maimakon yawan waɗanda aka hana. Matsalar ita ce Amurka ta daɗe ba ta da cikakken tsarin tantance masu fita daga ƙasar, don haka masu adawa suka ce ba za a dogara da alƙaluman ba.

Amma ai ana cewa 'yan Poland da yawa sun shiga da bizar ziyara sun zauna suna aiki. Ba gaskiya ba ne?

Gaskiya ne, kuma masu fafutuka na ƙwarai ba su musanta ba. A shekarun 1980 da 1990, dala ɗaya tana da daraja mai yawa a Poland. Mutum yakan zo da bizar ziyara, ya kama aikin gini ko rufin ɗaki, mace ta kama sharar gidaje ko kula da tsofaffi, a yi shekara biyu ko biyar ana tara kuɗi, a koma a gina gida. Wasu ba su koma ba. A unguwannin Chicago da Greenpoint kowa ya san irin waɗannan, har suna da laƙabi a harshensu mai nufin 'yan hutu. Saboda haka tsoron jami'an biza ba daga iska ya faɗo ba.

Abin da masu fafutukar suka dage a kai shi ne zamani ya canza amma zaton bai canza ba. Poland ta shiga Tarayyar Turai ranar 1 ga Mayu, 2004, kuma nan take Birtaniya da Ireland da Sweden suka buɗe wa 'yan ƙasarta ƙofar aiki bisa doka. Jamus da Ostiriya suka bi a 2011. Matashin da ke neman aiki zai iya hawa jirgi mai araha, cikin awa biyu zuwa uku yana Landan ko Dublin, da takardunsa cikakku, ya dawo gida duk lokacin biki. Me zai kai shi Chicago ya yi zaman ɓuya? Kanada ta gane haka ta cire musu biza a 2008.

Wace irin fafutuka ƙungiyoyin suka yi a aikace?

Ba zanga-zanga ba ce mai cika tituna. Aiki ne na haƙuri: rubuta wasiƙu, buga waya ofishin ɗan majalisa, tara sa hannu a bakin coci bayan ibadar Lahadi, gayyatar 'yan takara zuwa zaurukan ƙungiya a sa su faɗi matsayinsu a gaban jama'a. Rassan Polish American Congress na jihohi sun sa majalisun wasu jihohi da birane sun zartar da ƙudurorin goyon baya. Irin waɗannan ƙudurori ba su da ƙarfin doka, amma suna nuna wa ɗan majalisar tarayya cewa a mazaɓarsa akwai masu sa ido. Jaridu da rediyon Polonia sun riƙa bin kowane ƙuduri suna faɗa wa masu karatu wane sanata ya sa hannu, wane ne bai sa ba. Faretin tunawa da Pułaski da ake yi a New York duk watan Oktoba, da na ranar tsarin mulkin Poland da ake yi a Chicago a watan Mayu, sun zama wuraren da ɗan siyasa ba ya zuwa ya tafi ba a tambaye shi zancen biza ba.

Sun riga sun san hanyar. A shekarun 1990 irin wannan aiki suka yi don majalisar dattawan Amurka ta amince Poland ta shiga NATO, kuma a Afrilun 1998 aka kaɗa ƙuri'a 80 da 19. Wannan nasara ce ta sa da yawa suka zaci zancen biza ba zai ɗauki lokaci ba.

Su wa suka tsaya musu a majalisa, kuma ina ƙudurorin suka kwana?

Ta gaba-gaba ita ce Sanata Barbara Mikulski ta jihar Maryland, 'yar asalin Poland da ta tashi a Baltimore, wadda ta zauna a majalisar dattawa daga 1987 zuwa 2017. Ita 'yar jam'iyyar Democrat ce, amma ta haɗa kai da Rick Santorum na Republican daga Pennsylvania, daga baya kuma da Mark Kirk na Illinois. A majalisar wakilai akwai Mike Quigley, wanda mazaɓarsa ke cikin Chicago. Sanata George Voinovich na Ohio shi ma ya yi aiki sosai don a sassauta wa ƙasashen tsakiya da gabashin Turai.

Batun bai rasa masoya a jam'iyyun biyu ba. Abin da ya riƙa kashe shi shi ne abokin tafiya. A 2006 gyaran da Santorum da Mikulski suka kawo ya shiga cikin babban ƙudurin gyaran dokar shige da fice, majalisar dattawa ta amince, amma ba a daidaita da ta wakilai ba, ƙudurin ya mutu. A 2013 aka maimaita: tanadin sassauta sharuɗɗan shirin ya shiga wani babban ƙuduri, dattawa suka zartar da ƙuri'a 68 da 32, wakilai suka ƙi ko tattauna shi. Rikicin da ya kayar da ƙudurorin biyu kan iyakar Meziko ne da makomar miliyoyin baƙi marasa takardu. Poland ba ta cikin rigimar, tamkar fasinjan da ya hau motar da direba da kwandasta ke faɗa, aka bar shi a bakin titi.

An ce a 2008 maƙwabtan Poland sun shiga aka bar ta. Yaya aka yi?

Wannan ce shekarar da ta fi yi wa Polonia ciwo. Wata doka ta 2007 ta ba gwamnati damar ɗaga ƙafa ga ƙasashen da adadinsu bai wuce kashi 10 ba, muddin sun cika sharuɗɗan tsaro. A Nuwamban 2008 Jamhuriyar Czech da Slovakia da Hungary da Lithuania da Latvia da Estonia suka shiga, tare da Koriya ta Kudu. Poland tana wajen kashi 14 a lokacin, don haka ba ta samu ba. Uku daga cikin waɗanda suka shiga suna da iyaka da ita.

Bayan shekara biyu adadinta ya sauko ƙasa da kashi 10 da kaɗan. Sai dai kafin nan damar ta rufe. Dokar ta ce idan ba a kafa tsarin tantance masu fita ta filayen jirgin sama da zanen yatsa ko makamancinsa ba zuwa tsakiyar 2009, ɗaga ƙafar ya tsaya. Ba a kafa ba, ya tsaya. Gazawar gwamnatin Amurka ce, amma 'yan Poland ne suka biya, aka mayar da su kan kashi 3.

Shugabannin Amurka fa, me suka ce?

Kusan kowa ya yi magana mai daɗi. Shugaban Poland Aleksander Kwaśniewski ya tayar da zancen gaban George W. Bush a fadar White House a farkon 2004. Barack Obama ya shaida wa shugaban Poland na lokacin, Bronisław Komorowski, a Disamban 2010 cewa zai ba batun muhimmanci, kuma da ya je Warsaw a Mayun 2011 ya goyi bayan ƙudurin canza ma'aunin. Ya sauka a 2017 ba a yi ba. Donald Trump, yana ɗan takara, ya je hedikwatar Polish National Alliance a Chicago a Satumban 2016 ya yi alkawarin magance matsalar. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa jihohin Michigan da Wisconsin da Pennsylvania, waɗanda kan yanke hukuncin zaɓe, suna da ɗimbin 'yan asalin Poland.

Tarayyar Turai ba ta sa baki ba?

Ta sa. Ƙa'idarta ita ce duk ƙasar da ake bari 'yan ƙasarta su shiga Turai ba biza, ita ma ta yi wa dukkan mambobin haka. A 2014 Poland da Bulgeriya da Romaniya da Kuroshiya da Cyprus suka kai ƙorafi a hukumance. A Maris 2017 majalisar Turai ta nemi a mayar wa Amurkawa biza, amma hukumar zartarwar Tarayyar ta ƙi, tana ganin asarar za ta fi riba.

To a ƙarshe me ya faru a 2019?

Lambar ce ta sauko. Tattalin arzikin Poland ya yi shekaru yana bunƙasa, rashin aikin yi da ya kai kusan kashi 20 a farkon shekarun 2000 ya ragu ƙwarai, albashi ya tashi. Masu zuwa neman biza suka zama ma'aikata da 'yan kasuwa da ɗalibai masu abin da zai dawo da su gida. A shekarar kuɗi ta 2018 adadin ya tsaya wajen kashi 4.

Daga nan jakadiyar Amurka a Warsaw, Georgette Mosbacher, ta ɗauki abin da gaske, ofishinta ya ƙaddamar da yekuwar kira ga 'yan Poland su fito su nemi biza. Lissafin mai sauƙi ne. Idan mutum 100 suka nema aka hana 4, kashi 4 ke nan. Idan aka ƙara mutum 50 waɗanda ba shakka za a ba su, 4 cikin 150 bai kai kashi 3 ba. Aka ƙarfafa wa kamfanoni da jami'o'i da masu tsohuwar biza gwiwa su shigar da takardu kafin ƙarshen Satumba. A watan Yunin 2019, lokacin ziyarar shugaban Poland na wancan lokaci, Andrzej Duda, a Washington, aka sa hannu kan yarjejeniyar musayar bayanan manyan laifuka. Shekarar kuɗi ta rufe adadin yana ƙasa da kashi 3. Ranar 4 ga Oktoba aka gabatar da sunan Poland a hukumance, ranar 6 ga Nuwamba ma'aikatar tsaron cikin gida ta Amurka ta tabbatar, ranar 11 aka fara aiki. Poland ta zama ƙasa ta 39 a shirin.

Murnar ba ta daɗe ba aka katse ta. A Maris 2020, wata huɗu kacal bayan haka, annobar korona ta sa Amurka ta rufe ƙofa ga matafiya daga yawancin ƙasashen Turai, ba a buɗe ba sai Nuwamban 2021.

Idan lamba ce ta yi aikin, ke nan fafutukar banza aka yi?

A'a, amma ya kamata a faɗi gaskiyar iyakarta. Abin da Polonia ta fi nema, wato a canza ma'aunin, ba ta samu ba. Kashi 3 ɗin yana nan har yau. Poland ta shiga ne ta ƙofar da ta yi shekaru tana cewa ba ta da adalci, kuma ta shiga ne lokacin da 'yan ƙasarta suka daina matsuwa da zuwa Amurka.

Sai dai cika sharaɗi ba ya sa ƙasa ta shiga kai tsaye. Dole ma'aikatar harkokin waje ta gabatar da ita, ma'aikatar tsaron cikin gida ta amince, kuma suna iya jan ƙafa yadda suka so. A nan kuwa tsakanin rufe lissafi da fara aiki mako shida ne. Wannan saurin bai zo haka kawai ba. Ya zo ne saboda shekaru ana tunatarwa, har batun ya zama bashi a wuyan kowane shugaba, ya zama abin da jakadiya za ta ga ya cancanci ta sa ƙarfinta a kai. Kuma akwai abin da lissafi ba ya nunawa: al'ummar da ta ƙi yarda a ɗauki iyayenta a matsayin abin zargi ta yi daidai, ko da majalisa ba ta saurare ta ba.

Yanzu ɗan Poland yana iya zuwa ya yi aiki ko karatu ba biza?

A'a. Kwana 90 ne, na ziyara ko kasuwanci, ba a ƙarawa, kuma a ƙa'ida ba a canza shi zuwa wani matsayi daga ciki. Aiki da cikakken karatu suna buƙatar bizarsu. Izinin ESTA kuma ba tabbacin shiga ba ne, jami'in filin jirgi na iya mayar da mutum, kuma mai amfani da shirin ya yafe haƙƙinsa na ƙalubalantar korarsa a gaban alƙali, sai dai in mafaka yake nema. Saboda haka wasu iyaye masu son zama wajen 'ya'yansu har wata shida sun gwammace su ci gaba da neman biza irin ta da.

Waɗanda suka riga suka wuce wa'adinsu a Amurka, shirin ya taimake su?

Bai taimake su ba. Ba afuwa ba ce, ba ta ba kowa takardar zama ba. Wanda ya taɓa wuce wa'adi yawanci ba zai samu ESTA ba. Dokar 1996 ma ta ce wanda ya zauna ba izini fiye da kwana 180 sannan ya fita, an hana shi dawowa shekara 3, idan zaman ya kai shekara guda kuwa, shekara 10. Akwai iyalai da wannan ya raba har yanzu. Sauƙin da suka samu shi ne na gida na iya zuwa ya gan su.

Ɗan Najeriya ko ɗan Nijar da ke karatu ko aiki a Poland zai amfana?

Shirin yana bin fasfo ne, ba wurin zama ba. Mai takardar izinin zama a Poland, ko ta dindindin ce, zai nemi biza kamar yadda zai nema daga gida, domin babu ƙasar Afirka ko ɗaya a cikin shirin. Wanda ya zama ɗan ƙasa ya karɓi fasfon Poland yana iya neman ESTA. Amma akwai sharaɗin da aka ƙara a 2015: duk wanda ya je Sudan ko Iraki ko Iran ko Siriya daga 1 ga Maris, 2011, da kuma Libiya da Somaliya da Yaman da aka ƙara daga baya, ba zai yi amfani da shirin ba, sai ya nemi biza. Mai dangi a Sudan ya lura da wannan.

Ana iya cire ƙasa bayan ta shiga?

Ana iyawa. An cire Ajantina a 2002 lokacin da tattalin arzikinta ya durƙushe, aka cire Uruguay a 2003. Ana sake duba kowace ƙasa aƙalla duk shekara biyu, ana kallon yawan masu wuce wa'adi da yadda take ba da haɗin kai kan tsaro. Cikin ƙasashe biyar da suka kai ƙorafi a 2014, Kuroshiya ta bi bayan Poland a 2021. An sanar da shigar Romaniya a Janairun 2025, aka janye a watan Mayu tun kafin 'yan ƙasarta su fara amfani da shirin.